Wane baki zan saya wa turombon ɗina? Duba wutsiya kafin ka dubi lamba

Tambaya: Baba, shekarata uku ina busa turombon a ƙungiyar badujala ta matasa a Kafanchan, da ƙaramin ƙaho da bakin busa mai lamba 12C. Bana ƙungiya ta sami kayan gwanjo, aka ba ni babban turombon mai maɓalli a wajen babban yatsa. Tsohon bakina nutsewa yake yi a cikinsa yana rawa, sai na naɗa masa salatif yake zama. Wani abokina ya ce in nemi 1½G, wai shi ke ba da murya irin ta bajimi. Wani lokacin kuma akan sa ni yufoniyom, ƙahon nan mai maɓallai da ake rungumewa a ƙirji. Yayata za ta dawo daga Ingila a Disamba, ta ce in tura mata lambar da nake so. Wace lamba zan tura? Sannan ƙanena ɗan shekara 13 ya fara busa tuba, ƙaton ƙahon nan mai muryar ƙasa, shi kuma fa?

Amsa: Ɗana, tura mata wannan: Bach 6½AL mai babbar wutsiya. A jikin kwalin za ta ga lambar kaya ta fara da 341. In ta ga 350, na ƙaramin ƙaho ne, ta bar musu abinsu, domin irin rawar da 12C ɗinka ke yi shi ma ita zai yi. Amsar a taƙaice ke nan. Amma tun da ka ambaci 1½G na san maganar abokinka ta riga ta shiga kunnenka, don haka zauna mu yi ta sosai.

Salatif ɗin nan da kake naɗawa shi ne matsalarka ta farko, kuma ba ruwansa da lambar da ke jikin baki. Wutsiya, wato siririn ɓangaren da ke shigewa cikin ƙaho, iri biyu ce a turombon. Ƙarama kaurinta a can ƙarshe kusan milimita 11 ne, babba kuwa kusan 12 da rabi. Ƙaramar ta ƙahonin da faɗin bututunsu ke wajen inci .500 zuwa .525 ce, irin su King 3B da Bach 36 da kusan duk ƙahonin koyo. Babbar kuwa ta masu inci .547 ce, irin su Conn 88H da Bach 42, da kuma turombon na bes, wato mai muryar ƙasa, mai .562. Wutsiyar da ta dace tana shiga kamar inci ɗaya, ka ɗan murɗa ta kaɗan ta kama, ba rawa ba iska ta gefe. In ta nutse fiye da kima tsawon ƙaho ya ragu, sautinka ya haura sama da na sauran jama'a, ka yi ta jan bututun saiti har ya kusa faɗuwa ba ka daidaita ba. Ga kuma tsani da ke samuwa a ciki, inda siririn rami ya faɗa cikin faffaɗa kwatsam, shi ya sa kake jin wasu sautuka suna zamewa kamar ka taka sabulu. Ana sayar da wani ɗan hannun riga na ƙarfe da ake zura ƙaramar wutsiya a ciki, ya fi salatif nesa ba kusa ba, amma dabarar wucin gadi ce.

Kafin ka tura saƙon, ɗauki awon tela ka auna faɗin bakin ƙararrawar ƙahon, wato faffaɗan ƙarshensa inda sauti ke fita. In ka sami inci 8 da rabi, babban turombon ne na gama-gari, shawarata tana nan daram. In ka sami 9 da rabi ko fiye, to na bes aka ba ka, kuma maganar abokinka ta sami ɗan gindin zama, zan komo kanta. Abu ɗaya kuma game da kayan gwanjo: tsofaffin Conn 88H suna da nasu salon ramin wutsiya, wanda ake danganta shi da Emory Remington, malamin turombon na Amurka. A irinsu ko babbar wutsiya ta zamani takan ɗan yi lilo. In ka ga haka kada ka ce yayarka ta sayo jabu.

Yanzu lambobi. Ruɗun da ke cikinsu ya samo asali ne daga cewa kowane kamfani da nasa ƙidayar. Vincent Bach, mutumin Ostiriya mai busa turampet wanda ya koma Amurka a 1914 ya fara ƙera bakin busa a 1918, shi ya tsara nasa da baya-baya: lamba na ƙanƙancewa, baki na girma. Ga faɗin cikin zobe, wato da'irar da ke zama a kan leɓe, yadda kamfanin ya rubuta: 12C milimita 24.50, 6½AL 25.40, 5G 25.50, 4G 26.00, 1½G 27.00, 1G kuma 28.00. Denis Wick, wanda ya riƙe kujerar turombon ta farko a London Symphony Orchestra daga 1957 zuwa 1988, shi ma haka ya bi, 4AL ɗinsa mai 26.00 ya fi 6BS mai 25.40 girma. Schilke da Yamaha kuwa gaba suke ƙirgawa, babbar lamba babban baki: Yamaha 48 yana wajen 25.25, Schilke 51D ya ɗan haura 25 da rabi, 59 da 60 kuma na bes ne. Saboda haka in wani ya ce maka "nawa lamba 48 ne, naka 12 kawai", bai faɗi komai ba tukuna.

Dubi lissafin da kyau. Daga 12C zuwa 1½G milimita biyu da rabi ne. A takarda ba komai ba ne, bai kai kaurin ƙwayar dawa ba. A leɓe kuwa tafiya ce mai nisa, domin rabin milimita ma leɓen da ya saba yana jin sa nan take, kamar yadda harshe ke gano ɗan tsakuwa a cikin shinkafa. Naman leɓen da ke cikin zobe shi ke kaɗawa ya haifar da sauti. In zobe ya faɗaɗa, naman da ke kaɗawa ya ƙaru, sautukan ƙasa su buɗe su yi kauri. Amma wannan naman da ya ƙaru, tsokar gefen bakinka ce za ta riƙe shi, ba ƙarfe ba. A ƙaramin baki zobe na taya ka riƙo. A babba kai kaɗai ne. Mai shekara uku da busa da ya yi tsalle zuwa 1½G, abin da ke faruwa da shi na gan shi ba sau ɗaya ba: mako na farko yana murna, sautin ƙasa kamar tsawa. Mako na uku sautin F na sama ya fara gagara, ya koma danna ƙarfe a leɓe don ya kai, leɓe ya kumbura, sautin sama ya riƙa sauka ƙasa da inda ya kamata. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. An yi 1½G ne don mai turombon na bes, wanda aikinsa yini guda a ƙasa yake. In irin wannan ƙahon ne a hannunka za ka je can wata rana, amma ta matakala, ka fara da 5G ko 4G ka shekara, sannan ka gangara.

Ni ma na yi wannan wautar, kada ka ɗauka daga sama nake magana. Ina saurayi na ga wani babba a cikinmu da ƙaton baki, na tara kuɗi na sayi irinsa. Ranar fareti, muna tsaye a rana tun hantsi, kafin babban baƙo ya iso leɓena ya mutu murus. Da aka ɗaga sanda don taken ƙasa iska kawai ke fita daga ƙahona. Shugaban badujalarmu bai ce mini uffan ba a filin. Da muka koma ya miƙo hannu na ba shi bakin, ya jefa a aljihu, ya fito da wani tsohon 6½AL duk ya ƙoƙe ya ba ni. Sai bayan shekara biyu ya mayar mini da nawa, lokacin kuwa ba na ma sha'awarsa.

Sai dai faɗin zobe ɗaya ne cikin abubuwa huɗu da ke aiki, kuma mutane sun fi maƙale masa don shi ne ke da lamba. Akwai ƙoƙo, wato ramin da ke bayan zobe. Akwai maƙogwaro, ɗan ƙaramin ramin da ke gindin ƙoƙo. Akwai kuma ramin cikin wutsiya da ke buɗewa a hankali har ya haɗu da ƙaho. Ka ɗauki bakinka ka buga zobensa a tafin hannunka, za ka ji wani "fop" mai muryarsa. Ƙoƙo da maƙogwaro ne suka haɗu suka yi shi, kamar yadda kwalba ke kuka in ka hura bakinta. Babbar kwalba muryarta ƙasa, ƙarama sama. Sautukan ƙaho da ke kusa da wannan "fop" su baki ke ƙarfafawa. Shi ya sa ƙoƙo mai zurfi ke ba da murya mai duhu da taushi, marar zurfi kuma ke ba da mai kaifi da haske, mai sauƙin hawa. A tsarin Bach harafin da ke bin lamba shi ke nuna wannan: A mai zurfi, C matsakaici, E marar zurfi. Masu G kuwa zurfi gare su da faffaɗan maƙogwaro.

Maƙogwaron nan shi ne abin da abokinka bai gaya maka ba. Na 12C kusan milimita 5.8 ne, na 6½AL kusan 6.6, na 5G da 1½G kuma 7.0. Rami ne mai da'ira, don haka in faɗinsa ya ƙaru kaɗan, filin da iska ke bi ya ƙaru da yawa: daga 5.8 zuwa 7.0 ƙarin ya kusa rabi. Faffaɗan maƙogwaro yana barin ka busa da ƙarfi sauti bai tsage ba, amma yana shan iska kamar tsohuwar mota da mai, kuma busa a hankali tana wuya da shi, don babu abin da leɓe zai jingina da shi. Jimlar waƙar da kake kaiwa ƙarshe da numfashi ɗaya yanzu, sai ka yanka ta biyu. Wannan ne ya sa na zaɓar maka 6½AL ba 5G ba, duk da faɗin zobensu kusan ɗaya ne, 25.40 da 25.50. Bambancinsu a ciki yake. Ga wanda ya taso daga 12C, 6½AL gada ce: ya isa ya cika babban ƙaho, bai kai ya zuƙe ka ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu in ka ji kana turawa ƙaho yana ƙin karɓa, sautin yana tsagewa kafin ƙarfinka ya ƙare, lokacin 5G ya yi.

Siffar zoben kanta ba zan daɗe a kai ba, don sai ka ɗora a leɓe za ka sani. Mai faɗin gefe yana da daɗin zama kuma yana jure dogon aiki, amma yana ɗaure leɓe wajen tsalle daga sauti zuwa sauti. Siriri yana sakin leɓe amma yana cizo in kana dannawa. In gefen ciki yana da ɗan kaifi farkon sauti yana fita tsaf, in a mulmule yake sulɓi tsakanin sautuka ya fi santsi.

Akwai maganar da na sha ji, wai mai kaurin leɓe dole sai babban baki. Da ɗan gaskiya a ciki, ba duka ba. Abin da ke kaɗawa ɗan tsakiyar leɓe ne, ba dukkan naman da ake gani a madubi ba, kuma na koyar da masu kaurin leɓe da suka yi shekaru da 12C lafiya lau, na ga masu siririn leɓe da ba sa sakewa sai a 4G. Haƙora sun fi leɓe faɗa a ji. In haƙori ɗaya ya turo gaba, wani zoben zai sauka daidai kansa ya riƙa yanka ka, wani mai faɗin rabin milimita fiye ko ƙasa ya kauce masa. Alamar baki ya yi maka kaɗan ita ce ka ji leɓe a matse, sautin ƙasa siriri kamar ta hanci, gefen zobe yana zama a kan jan naman leɓen sama maimakon fatar da ke bisansa. Alamar ya yi maka yawa ita ce gajiya da wuri, iska na tsiyaya ta gefen baki, sautin sama na sauka, farkon kowane sauti kuma yana fita da "fuu" kafin murya ta biyo.

Sannan ka tambayi kanka wane aiki kake yi da ƙahon nan. Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet na mutanen da ke zaune ne a kan kujera cikin zaure mai sanyi, su busa layi goma su huta layi hamsin. Kai kuwa a tsaye kake, ko kana tafiya, a filin da babu bango balle rufi, ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, ko rakiyar amarya, ko jana'iza, awa uku ƙaho bai sauka daga baki ba. A fili murya mai duhu ba ta zuwa ko'ina. Kai da ke bayan ƙaho za ka ji ta cika maka kunne, wanda ke tsallaken fili kuwa ganga kawai yake ji. Ɗan kaifin nan da matsakaicin baki ke bayarwa shi ke ratsa iska ya kai. Ka lura da kakakin fada, tsawonsa bai yi nisa da na turombon ba in an miƙe shi, wajen mita 2.7 ke nan, kuma ba don taushi ake jin sa daga ƙofar gari ba. Muryar bajimin da abokinka ke so daga yawan iska da buɗaɗɗen maƙoshi take fitowa. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a ƙungiyar Chicago Symphony daga 1944 zuwa 1988, masu busa daga ko'ina suka riƙa zuwa wurinsa da kukan leɓe, akasari kuma numfashi yake gyara musu.

Yufoniyom kuma nan ne wutsiya ke da iri uku, ba biyu ba, kuma kayan gwanjon da ke zuwa mana daga Ingila su suka fi faɗawa a na ukun. Akwai ƙarama, irin ta Yamaha YEP-201 da YEP-321 da kusan duk baritan, ƙanen yufoniyom mai siririn bututu. Akwai babba, irin ta yawancin manyan yufoniyom na yau. Sai matsakaiciya, wadda tsofaffin Besson da Boosey & Hawkes suka yi amfani da ita har wajen tsakiyar shekarun 1970. A irin wannan ƙahon ƙaramar wutsiya rawa take yi, babba kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga, sautin duka ya sauka ƙasa. Na ga ƙungiyar da ta shekara tana zargin wani yaro da rashin kunne, ashe wutsiya ce. Gwajin ba wuya: zura 12C ɗinka a yufoniyom ɗin. In ya zauna daram, ƙarama ce. In ya yi rawa, ari baki mai babbar wutsiya ka gwada. Ya shiga kamar inci ɗaya, babba ce, ya tsaya da wuri, matsakaiciya ce. A nan Denis Wick ya sauƙaƙa wa mutane, harafin ƙarshe shi ke faɗin wutsiya: L babba, M matsakaiciya, S ƙarama ta turombon. Wato 4AL da 4AM baki ɗaya ne, wutsiya ce ta bambanta.

In yufoniyom ɗinku mai babbar wutsiya ne, 6½AL ɗin nan zai yi maka aiki biyu, kuma na fi son haka gare ka yanzu, leɓe ya san gida ɗaya. Gaskiya ne yufoniyom ya fi son ƙoƙo mai zurfi, domin bututunsa buɗewa yake yi tun daga farko har ƙarshe, ba kamar turombon da yawancinsa miƙaƙƙe ne ba, kuma da 6½AL zai ɗan yi muryar turombon. Wanda yufoniyom ne aikinsa na kullum, Schilke 51D ko Wick 4AL zan nuna masa. Kai da ake sa ka jefi-jefi, ba sai ka wahalar da yayarka ba. In kuwa matsakaiciya ce, ƙungiya ce ya kamata ta sayi baki ɗaya, kamar Wick 6BM, a bar shi a akwatin ƙahon.

Sai ƙanenka mai tuba. Sunan ƙahon nan kan ba mutanenmu dariya, an sha tambayata wane zunubi yaron ya yi. Faɗin bakin tuba daga wajen milimita 30 ne zuwa 33: Bach 25 yana da 30.60, 24AW 31.25, 18 kuma 32.10. Ga ɗan shekara 13 abin dubawa na farko fuskarsa ce. Ɗora masa baki ka duba ta gefe. In saman zobe yana tokarar hancinsa, zai tura bakin ƙasa ba da saninsa ba, ya saba da mazaunin da ba nasa ba, gyaransa kuma sai an sha wuya. Bach 25 zan ba shi. Mutane da yawa kan fara yara da 24AW saboda faffaɗan gefensa mai daɗin zama, kuma masu ƙaramar tuba ta Eb a Ingila sun daɗe suna ƙaunarsa, amma zurfinsa da maƙogwaronsa mai kusan milimita 8.8 suna cin iskar da ƙirjin yaro bai kai ba tukuna. In ka ga yana jin jiri bayan dogon sauti, ya ajiye ƙaho ya zauna, ba jarumta a ciki. In ya girma, musamman in babbar tuba ta BBb ce mai bututu kusan mita 5 da rabi, sai ya koma 18, ko irin na Helleberg mai ƙoƙo kamar mazurari, wanda ke ba da murya mai faɗi kamar ta ogan. Mai siffar kwano irin na Bach ya fi fitar da farkon sauti a fili, abin da susafon, tubar da ake ratayawa a kafaɗa, ke bukata a fareti. Nan ma a duba wutsiya: tsofaffin tuba na Eb na Ingila ƙaramin rami gare su, kuma a lambobin Wick na tuba, mai L babba ne, marar L na irin waɗannan tsofaffin ne.

In kayan ya iso, ga yadda za ka yi da shi. Kada ka yanke masa hukunci a ranar farko, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sabon baki yana da amarci. Kwanakin farko tsokar da ta saba da tsohon tana aiki a sabon wuri, komai ya zo da sauƙi. Daga nan sai a shiga kwanakin da komai ya lalace, ka ji kamar ka jefar da shi. Bayan mako uku zuwa huɗu ne gaskiyarsa ke fitowa. A tsawon wannan lokaci saka 12C a akwati ka kulle, kada ka riƙa yawo tsakaninsu. Ka riƙa dogayen sautuka a hankali, daga sautin Bb na tsakiya ka gangara, sannan sulɓin leɓe, wato sauya sauti da leɓe kaɗai ba tare da harshe ba. Buɗe manhajar auna sauti a wayarka ka duba Bb na ƙasa, na tsakiya da na sama: in biyun farko sun zauna na sama yana sauka kullum ko da leɓe bai gaji ba, baki ya yi maka zurfi ko faɗi. Ka tuna zafi na ɗaga sautin ƙaho, don haka awon da ka yi da asuba ba zai zama ɗaya da na azahar ba. Sannan ka sa wani mai kunne ya tsaya taku talatin ya juya maka baya, ka busa waƙa ɗaya da tsoho da sabo ba tare da ka faɗa masa wanne ne wanne ba. Abin da ya ji shi ne muryarka, ba abin da ƙashin kanka ke gaya maka ba.

Wani abin kuma, Disamba za ta kawo shi, tsakiyar hunturu. Leɓen da iska ta busar ya tsattsage ba ya kaɗawa daidai a kowane irin baki. Sha ruwa sosai, shafa man kaɗanya da dare, ka goge shi kafin busa don kada zobe ya riƙa zamewa. In sabon bakin ya ba ka wuya a Janairu, ka jira iska ta kwanta kafin ka ɗora masa laifi.

Da yake daga shagon kayan kiɗa za ta saya, ba na jin tsoron jabu. A kasuwanninmu ne ake samun masu arha da aka buga wa 12C ko 6½AL alhali awonsu daban, wutsiyar ma ba ta zama. Araha ba ta ado. Amma ko na gaske ne, kada ka kai shi wurin mai ma'aunin ƙarfe ka ga 25.8 maimakon 25.4 ka tayar da hankali. Gefen zobe a lanƙwashe yake, kowane kamfani da inda yake ɗora ma'auninsa, shi ya sa 26 na wannan ba lallai ya zama 26 na wancan a leɓe ba.

Tsofaffin bakunan da suka zo cikin akwatunan gwanjon nan kuma ku zazzage su ku duba, wataƙila ma akwai 6½AL ko Yamaha 48 mai babbar wutsiya a ciki, ka fara sabawa kafin Disamba. Tagulla ce aka shafe da azurfa. Wanda azurfar zobensa ta ci har rawayar tagulla ta fito, kada kowa ya ɗora shi a leɓe: tana sa ƙuraje, kuma irin tagullar da ake ƙera su da ita takan ƙunshi ɗan dalma. Wanda ƙarshen wutsiyarsa ya lotsa saboda faɗuwa, mai gyaran ƙaho yana da ƙarfen da yake zurawa ya mayar da shi da'ira. Kada ka bari wani ya sa masa injin huda wai zai buɗe maƙogwaro, abin da aka cire ba ya komawa. In baki ya maƙale a ƙaho kada a kama shi da filaya, akwai abin zare shi na musamman, filaya kuwa sai ta murɗe bututun gaba ɗaya. Kafin ka ce wani baki ya toshe ko ya yi maka kaɗan, ɗaga shi ka leƙa ta cikinsa wajen haske. Na taɓa karɓar na wani ɗalibina da ke kukan ƙaho ya yi masa nauyi, na tura ɗan buroshi da ruwan ɗumi da sabulu, abin da ya fito na gyaɗa da goro ya kusa cika cokalin shayi. Ramin da ya kamata ya zama milimita 6 da rabi ya koma kamar na allura. Wanke shi duk mako, kuma kada ka ba kowa aronsa, musamman mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe.

In kuɗin yayarka ya kai, ta haɗa da Bach 25 na ƙanenka, lambar kayan tuba tana farawa da 335, amma sai bayan kun gwada wutsiyar tubar da wani baki na aro kun tabbatar ba mai ƙaramin rami ba ce. In ya yi saura, ta ƙara da buroshin wanke baki guda biyu, ba su da tsada a can, a nan kuwa sai ka zaga gari ba ka samu ba.